Keke a Dajin New Forest: Yadda Tsohon Haƙƙin Kiwo Ya Shata wa Mahaya Iyaka

A kudancin Ingila, tsakanin birnin Southampton da garin Bournemouth, akwai wani yanki mai faɗin murabba'in kilomita 566 da ake kira New Forest, wanda gwamnatin Birtaniya ta mayar da shi gandun shaƙatawa na ƙasa a shekarar 2005. Mutanen da ke zaune a cikinsa ba su wuce 35,000 ba, amma ziyarar da baƙi ke kai masa a shekara ta kai wajen miliyan 15 idan aka ƙirga ta yini-yini, domin jirgin ƙasa daga tashar Waterloo ta Landan yana isa ƙauyen Brockenhurst, wanda ke tsakiyar dajin, cikin kimanin awa ɗaya da rabi. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, tuddanta ba su da tsayi, ƙauyukanta kuma ba su da nisa da juna, saboda haka duk wanda ya dubi taswirar wurin zai ɗauka babu inda ya fi shi dacewa da keke. Sai dai a cikin masu shiga dajin domin shan iska, mai keke ne doka ta fi takura wa. Mai tafiya a ƙasa yana iya ratsa fili ta inda ya ga dama, mahayin doki ma haka, amma mai keke da zarar ya kauce daga hanyar tsakuwar da aka kafa wa alama, ya karya dokar gandun. Wannan nazari ya dubi yadda aka kai ga wannan tsari, da rigimar da ta ɓarke a kansa tsakanin 2013 da 2015, da kuma abin da rigimar ta jawo wa yankin.

Wanda ke da bakin magana a dajin

Ba za a gane takurar da aka yi wa keke ba sai an san wanda ke da ikon cewa e ko a'a a wannan daji, kuma wannan iko ya girmi keken kansa da ɗaruruwan shekaru. Wajen shekarar 1079 ne Sarki Wiliyam na Farko, wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ya keɓe yankin domin farautar barewa, ya kuma ɗora masa dokoki masu tsanani da suka hana talakawa shinge gonakinsu ko taɓa namun dajin. Ɗansa, Wiliyam na Biyu, a cikin dajin kibiya ta kashe shi yana farauta a watan Agusta na 1100, kuma har yau akwai alamar tunawa da hakan kusa da ƙauyen Minstead. Tun da an hana mazauna yankin kare gonakinsu daga barewar sarki, sai aka bar musu damar sakin dabbobinsu su yi kiwo a fili, damar da Yarjejeniyar Daji ta 1217 ta ƙarfafa, ta kuma zama haƙƙi tabbatacce. Wannan haƙƙi ba na mutum ba ne, na gida ne ko gona: wanda ya sayi ko ya yi hayar filin da haƙƙin ke rataye da shi, ya samu damar sakin dawaki, shanu ko jakuna, wanda kuma ya sayar da filin ya rasa damar. Akwai wasu haƙƙoƙin da ke tafiya tare da na kiwo, kamar na karɓar itacen girki da na sakin aladu a lokacin kaka.

Daga baya gwamnati ta fi buƙatar katako fiye da naman barewa. Dokar 1698 ta ba da izinin killace wasu sassa domin shuka itatuwan da za a ƙera jiragen ruwan yaƙi da su, dokar 1851 kuma ta ba da umarnin kawar da barewa tare da faɗaɗa killace-killacen, abin da ya ci filin kiwo sosai har masu dabbobi suka tashi tsaye. Sakamakon wannan tirka-tirka shi ne Dokar New Forest ta 1877, wadda ta taƙaita killacewa, ta kuma sake kafa tsohuwar kotun dajin, wato kotun Verderers, ta mayar da ita mai tsaron haƙƙin masu kiwo maimakon mai tsaron barewar sarki. A yau kotun tana da wakilai 10, biyar masu kiwo ne ke zaɓensu, biyar kuma naɗa su ake yi, tana kuma zama a bainar jama'a a garin Lyndhurst kusan kowane wata, inda kowa ke da damar miƙewa ya gabatar da ƙorafinsa. A ƙarƙashinta akwai jami'an kiwo biyar da ake kira Agisters, waɗanda ke zagaya dajin suna duba lafiyar dabbobi, suna karɓar kuɗin shekara na kowace dabba, suna kuma zuwa duk inda mota ta buge doki, ko da tsakar dare ne.

Abin da ya shafi keke kai-tsaye shi ne wannan: filin gwamnati da ke cikin dajin yana hannun hukumar gandun daji ta Ingila, Forestry England, amma dokokin yankin, musamman ta 1970, sun wajabta mata neman amincewar kotun Verderers kafin ta samar da abubuwan shaƙatawa a filin da ake kiwo. Hanyar keke tana cikin irin waɗannan abubuwa. Ke nan hanyoyin keken dajin ba haƙƙi ba ne da mahaya ke iya tsayawa a kai, izini ne da kotun ke bayarwa na wani wa'adi, ana kuma sabunta shi idan wa'adin ya cika.

Filin da bakin dabba ya gyara

Baƙo da ya fito daga Landan yakan ɗauka sararin da ya gani a New Forest daji ne da hannun mutum bai taɓa ba, alhali kuwa aikin kiwo ne na shekaru aru-aru. Kusan rabin yankin ba itatuwa ba ne, buɗaɗɗen fili ne mai ƙasa mai yashi da tsami, wadda ba ta yin noma, cike da wani gajeren tsiro da Turawa ke kira heather, mai fitar da furanni ja-ja masu sirkin shuɗi a ƙarshen bazararsu, da kuma wata ƙaya mai furanni rawaya. Idan aka janye dabbobi na 'yan shekaru, ƙananan itatuwa za su rufe filin ya koma kurmi. Dawaki kimanin 5,000 da shanu dubbai da ke yawo ba makiyayi a bayansu su ne ke hana hakan, tare da ƙonar daji da ma'aikata ke yi da lissafi a lokacin hunturu, fegi bayan fegi, domin sabon toho ya fito. Masu haƙƙin kiwo da ke sakin dabbobi a aikace kimanin 700 ne, kuma mafi yawansu ba riba suke samu ba, suna da wasu ayyukan da suke ciyar da iyali da su.

Irin wannan fili ya yi ƙaranci ƙwarai. Birtaniya ta rasa fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa tun daga 1800, gonaki da gidaje da gandun katako suka cinye shi, kuma abin da ya rage a New Forest shi ne mafi girma a ƙasar. A cikin kwarurrukansa akwai fadamu masu taɓo waɗanda ruwa ba ya ƙafewa a cikinsu, waɗanda su ma irinsu sun kusa ƙarewa a yammacin Turai. Tsuntsaye da dama a ƙasa suke yin sheƙa a nan, ba a kan itace ba, daga watan Maris zuwa Agusta. A cikinsu akwai yautai, wanda ke tasowa daga Afirka kudu da Sahara ya zo ya yi ƙwai a tsakanin tsirran, da curlew mai dogon baki wanda yawansa ke raguwa shekara bayan shekara. Tsuntsuwar da ke kwanci a ƙasa idan aka firgita ta ta tashi, ƙwan yakan huce, ko hankaka ya rigaye ta komowa. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu kare dajin ke riƙe da ita, kuma hujja ce ta gaskiya wadda mai adalci ba zai yi watsi da ita ba.

Abin da aka bai wa mai keke

Hanyoyin da aka amince wa keke a cikin dajin sun haura mil 100, wato fiye da kilomita 160, mafi yawansu na tsakuwa ne masu faɗi, an kafa musu turakun katako masu lamba a mararraba domin mahayi ya gwada da taswira ya san inda yake. Wanda ya sauka daga jirgi a Brockenhurst yana samun keken haya a bakin tasha, kuma cikin 'yan mintoci ya bar gidaje ya shiga fili. Ƙauyen kansa abin kallo ne, domin dawaki da jakuna suna yawo a babban titinsa, rafi kuma yana tsallaka titin a ƙarshen layin shaguna, sai mota ta rage gudu ta ratsa ruwan. A tsohon cocinsa akwai itacen da ake ƙiyasta ya haura shekara 1,000, da kaburburan sojojin New Zealand da suka rasu a asibitin soja na ƙauyen lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Daga nan zuwa yamma akwai titin Rhinefield, inda dogayen itatuwan da aka kawo irinsu daga Amurka aka shuka a tsakiyar ƙarni na 19 suka yi wa hanya rumfa, sai Bolderwood inda ake tsayawa kallon barewa. Akwai kuma hanyar da ta bi tsohon layin dogon da aka buɗe a 1847 aka rufe a 1964, wadda ke miƙewa sambal ta tsakiyar fili zuwa wajen ƙauyen Burley, tsohuwar tashar Holmsley da ke kanta kuma ta zama wurin shan shayi. Wannan ce hanyar da iyalai masu ƙananan yara suka fi so, domin ba ta da hawa ba ta da gangara, kamar yadda layin dogo ya gada. A gabas akwai Beaulieu, inda Sarki John ya kafa gidan sufayen Kirista a 1204, da Buckler's Hard a bakin kogi, ƙauye mai layi biyu na gidajen jan bulo, inda aka ƙera jirgin yaƙi Agamemnon a 1781 da katakon dajin, jirgin da Nelson, shahararren kwamandan sojan ruwan Birtaniya, ya taɓa jagoranta. A ƙananan ƙauyuka irin su Minstead da Fritham har yau ana ganin gidajen laka masu rufin ciyawa, waɗanda talakawan da suka gina su ba za su gaskata kuɗin da ake sayensu yanzu ba.

Idan aka tsaya a nan, sai a ce mai keke ba shi da abin kuka. Matsalar tana bayyana ne idan mutum ya so ya tashi daga wani ƙauye ya isa wani. Hanyoyin tsakuwar nan ba domin keke aka yi su ba, an yi su ne domin manyan motocin da ke kwaso katako daga sassan da aka killace, saboda haka suna shiga gandun itatuwa su zagaya su fito bakin kwalta, ba ruwansu da inda makaranta ko tasha ko kasuwa take. Da aka zo ba da izinin keke, sai aka zaɓi waɗanda suka riga suka wanzu, domin ba sa buƙatar a zuba sabuwar tsakuwa a kan ciyawar da dabbobi ke ci. Sakamakon haka shi ne guntayen hanyoyi masu kyau waɗanda da yawansu ba su haɗu da juna ba. Mahayi yakan yi tafiya mai daɗi ta kilomita da dama, sai hanya ta ƙare a gefen babban titi irin A35 ko A337, inda motoci ke sheƙa gudu, alhali yana hango ci gaban wata hanyar tsakuwar a tsallaken ɗan fili. A nan zaɓi biyu ne gare shi: ya hau kwalta da yaransa, ko ya bi 'yar siririyar hanyar da dawaki suka taka, wadda doka ta haramta masa. Ba sai an yi bincike ba kafin a san wanda uba mai yara biyu zai zaɓa.

A sauran Ingila dokar 1968 ta halatta wa keke bin hanyoyin dawaki na jama'a muddin ya ba masu tafiya a ƙasa da mahaya doki hanya, amma a filin gwamnati na New Forest irin waɗannan hanyoyi ba su da yawa, domin tun asali mai ƙafa da mai doki ba sa buƙatar hanya ta musamman a inda aka bar musu fili gaba ɗaya. 'Yancin da aka bai wa waɗancan biyu shi ne ya bar na ukun ba shi da madafa.

Rigimar 2013 zuwa 2015

Bayan nasarorin da 'yan tseren keken Birtaniya suka samu a gasar Tour de France da wasannin Olamfik na Landan a 2012, hawan keke a kwalta ya samu karɓuwa sosai a ƙasar, kamfanoni kuma suka shiga shirya tarukan hawa na kuɗi, inda mutum zai biya ya yi rajista, a ba shi lamba, ya bi hanyar da aka sa wa alama mai tsawon kilomita 100 ko fiye. A hukumance waɗannan taruka ba tsere ba ne, shi ya sa ba sa buƙatar izinin da tsere ke buƙata, amma ana ɗaukar lokacin kowa, kuma wanda ake ɗaukar lokacinsa ba ya son tsayawa jiran saniya ta tsallaka. New Forest ya zama ɗaya daga cikin wuraren da aka fi kai irin waɗannan taruka, wani lokaci mahaya kusan 2,000 a yini guda, a kan ƙananan tituna waɗanda motoci biyu da ƙyar suke giftawa.

Mazauna ƙauyuka sun koka cewa a ranakun taron ba sa iya fita daga gidajensu da mota sai sun daɗe suna jira, mahaya doki sun ce ayarin kekuna da ke zuwa shiru daga baya yana firgita dabbobinsu, masu kiwo kuma suna da damuwa ta musamman. Daga ƙarshen bazara zuwa kaka ake yin korar dawaki, inda mahaya ke tattaro dabbobin wani sashe a guje zuwa turke domin a duba lafiyarsu, a yi wa 'ya'yan tambari, a kuma yanke gashin wutsiya da wani salo da ke nuna an biya kuɗin shekara. Garken dawaki da ke gudu ba ya sanin kwalta, kuma a kakar 2013 an soke ɗaya daga cikin waɗannan kora saboda ta zo rana ɗaya da taron keke. Ga wanda ya san yadda rigimar burtali take a ƙasar Hausa, ba zai yi mamakin zafin da wannan ya haifar ba, domin mai dabba yana iya haƙuri da abubuwa da yawa, amma ba ya haƙuri da baƙon da ya sa shi sauya ranar aikin da kakanninsa suka tsara.

Abin ya wuce ƙorafi. A 2013 da 2014 wasu da ba a san ko su wane ne ba sun watsa ƙananan ƙusoshi a kan titi a ranakun taron, kekuna da dama suka yi faci, aka kuma tumɓuke ko aka juya alamomin hanya. Wannan aika-aika ce da za ta iya kashe mutum, kuma abin takaici ƙusar da aka watsa domin tayar keke ba ta bambanta taya da kofaton doki. Jaridun ƙasar suka ɗauki labarin, sunan yankin ya fita a matsayin wurin da ba a son masu keke.

A daidai wannan lokaci ne Ma'aikatar Sufuri ta Birtaniya ta bai wa hukumar gandun shaƙatawar, wadda ke riƙe da tsare-tsaren yankin kuma daban take da Forestry England, kusan fam miliyan 3.6, a 2013, domin bunƙasa hawan keke na iyali. Babban aikin da aka tsara da kuɗin shi ne tsarin keken haya na jama'a na kimanin fam miliyan 2, kekuna 250 a tashoshi 20, yadda baƙo zai ɗauki keke a wani ƙauye ya ajiye a wani ba tare da ya shigo da mota ba. A watan Agusta na 2014 wakilan hukumar suka kaɗa ƙuri'ar soke aikin, suna kafa hujja da shakkar ko tsarin zai iya riƙe kansa da kuɗin shiga, da kuma yadda ra'ayin mazauna yankin ya juya wa keke baya. Hukumar ta nemi karkatar da kaso mai yawa na kuɗin zuwa gyaran wani titin kwalta na cikin dajin, ma'aikatar ta ƙi amincewa, kuma a ƙarshe kimanin fam miliyan 1.5 suka koma baitulmalin gwamnati. A farkon 2015 hukumar ta amince da wata takardar ƙa'idoji ga masu shirya tarukan keke, wadda ta ƙayyade mahaya 1,000 a kowane taro. Manyan ƙungiyoyin masu keke na ƙasar suka ƙi goyon bayan ƙayyadewar, takardar kuma ba ta da ƙarfin doka, sai wanda ya ga dama ya bi.

Abin da lamarin ya nuna

A ganina babban kuskuren da aka tafka shi ne haɗa mutane iri uku a ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai iyalin da ke tafiya a hankali a kan tsakuwa, akwai matashin da ke neman taɓo da gangara a kan keken hawan dutse, wani lokaci da daddare da fitila mai ƙarfi, akwai kuma ɗan taron kwalta da ke kallon agogo. Na biyu ne ke barazana ga sheƙar tsuntsu da fadama, na uku ne ya toshe titi ya hana korar dawaki, amma na farko ne aka hukunta a 2014, domin kekunan hayar da aka soke nasa ne, masu nauyi ne marasa gudu waɗanda ba wanda zai shiga taɓo ko tsere da su. Fushin mazauna yankin yana da dalili, sai dai ya sauka a kan wanda bai jawo shi ba. Shakkar da aka nuna game da kuɗin tafiyar da tsarin ba ta rasa tushe ba, tun da irin wannan haya ta fi yin nasara a manyan birane inda ake hawa kowace rana, ba a ƙauyukan da baƙi ke cika da bazara su watse da hunturu ba. Amma da wannan ce kaɗai damuwar, da an rage girman aikin an gwada shi a tsakanin tashar jirgi da ƙauyuka biyu ko uku, maimakon a bar kuɗin su koma.

Abu na biyu shi ne ma'aunin da ake auna ɓarna da shi. Dabbobin da ke mutuwa a titunan dajin kowace shekara gommai ne, kuma motoci ne ke kashe su, musamman da duhun hunturu a kan tituna irin B3078, duk da iyakar gudun mil 40 a awa da aka sa wa titunan da ba su da shinge tun 1990, da kuma abin wuya mai ƙyalli da ake ɗaura wa dawaki da yawa. Mafi yawan baƙi da mota suke zuwa, wuraren ajiye motoci a cikin dajin sun haura 100, garin Lyndhurst kuma, inda manyan tituna biyu suka haɗu, ya yi suna da cunkoso a ranakun hutu. Karnukan da ake saki ba igiya suna shiga tsakiyar tsirrai inda keke ba ya iya shiga, kofaton dokin hawa kuma yana tona ƙasa mai laima ba ƙasa da taya ba. Duk wanda ya bar motarsa a gida ya zo da jirgi ya hau keke ya rage wa dajin nauyi. Wannan ba ya wanke mahayin da ya ratsa fadama a watan Mayu, amma yana nuna cewa tsaurin da ake yi wa keke ya fi girman laifinsa idan aka jera shi da na sauran.

Duk da haka bai kamata a ɗauki kotun Verderers a matsayin taron masu taurin kai ba. Kafin farkon shekarun 1970 mutane suna shiga da motoci har tsakiyar fili su kafa tanti inda suka so, kuma sai da aka tona ramuka aka kafa turaku a gefen tituna sannan ciyawa ta farfaɗo. Masu kiwo sun ga da idonsu yadda ƙaramar dama ke zama babbar ɓaraka, sun kuma san cewa kowace taƙi ta tsakuwa da aka zuba ciyawa ce da ta fita daga bakin dabba har abada. Ana yawan kawo misalin gandun Hoge Veluwe na ƙasar Holan, mai irin wannan fili, inda ake ajiye fararen kekuna fiye da 1,000 kyauta ga duk wanda ya shiga. Misalin yana da ban sha'awa, amma wancan gandu yana da shinge da ƙofofi, ana biyan kuɗin shiga, gidauniya guda ce ke mallakarsa, kuma babu ɗaruruwan iyalai masu haƙƙin kiwo na gado a cikinsa. New Forest ba shi da ƙofa, kuma ba hukuma ɗaya ce ke da shi ba: hukumar gandun daji ce ke riƙe da ƙasa, kotun Verderers ke riƙe da izini, ƙaramar hukumar Hampshire ke riƙe da tituna, hukumar gandun shaƙatawa kuma ke riƙe da tsare-tsare, kowace tana iya hana aiki, babu wadda ke iya aiwatar da shi ita kaɗai.

Gyaran da ya fi kusa da hankali ba ƙara yawan mil ba ne, haɗa guntayen da ake da su ne, ta hanyar halatta gajerun mahaɗai a kan tsofaffin hanyoyi masu tauri da suka riga suka wanzu, da samar da mashigai masu aminci a inda tsakuwa ta ci karo da babban titi, a madadin haka kuma a rufe sassan da suka ratsa wuraren sheƙa a watannin kwanci. Dokar da mutumin kirki ke iya bi ba tare da ya jefa yaransa gaban mota ba ita ce ake samun bakin tsawata wa wanda ya karya ta. Yankin ya nuna yana iya yin doka mai haƙori idan bakin hukumominsa ya zo ɗaya: daga Yuli 2023 ciyar da dawakin dajin ko shafa su, da kunna wuta ko gashin nama a fili, sun zama laifin da ake cin tarar fam 100 nan take, tana iya kaiwa fam 1,000 idan an je kotu.

Akwai sababbin abubuwa biyu da tsarin izinin bai hango ba lokacin da aka kafa shi. Na farko shi ne keke mai batir, wanda dokar Birtaniya ke ɗauka a matsayin keke na yau da kullum muddin injinsa bai wuce wat 250 ba kuma yana daina taimako a gudun kilomita 25 a awa. Ya buɗe dajin ga tsofaffi da marasa ƙarfi, ya kuma kai mutane lunguna masu nisa da a da gajiya ke kare su. Na biyu shi ne manhajojin taswira na wayar hannu, waɗanda ke nuna wa baƙo hanyar da wasu suka bi kafin shi ba tare da sun gaya masa ko halattacciya ce ba, ta yadda sawun mutum ɗaya da ya kauce yakan zama hanyar ɗaruruwa cikin bazara guda. Turakun katako masu lamba an yi su ne domin mai riƙe da taswirar takarda, kuma da yawa daga cikin masu sauka a tashar Brockenhurst yanzu wayarsu suke bi.